Babi na 8: Kwamfuta Mai Ruwa a Bazarar Gaya

A Gaya da Ajingi, aikin masu ɗaukar hoto da tace bidiyo ya fi yawa daidai lokacin da gari ya fi zafi. Ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, ta 2025 kuwa ranar 30 ga Maris, kuma kowa ya san bayan azumi ake ɗaura aurarrakin da aka jinkirta. Hotunan hawan Sallah, da na ɗaurin aure, da na kamu, da na saukar Alƙur'ani duk sai su taru a tebur ɗaya, masu su kuma suna ta bugo waya. A irin waɗannan makonni zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 40, wani lokaci ya haura. A cikin shago mai rufin kwano, ƙofa ɗaya babu taga, abin ya fi haka tsanani.

Mu ɗauki misalin matashin da ya gaji da tsohuwar laftof ɗinsa, wadda take kwana tana fitar da bidiyon biki guda. Ya tara kuɗi, ya bi ta Wudil ya shiga Kano, ya zaga shagunan titin Beirut, abin da bai samu ba aka aiko masa daga Computer Village da ke Ikeja. Ya sayi firosesa mai ƙarfi, da madabod, da katin hoto, da akwati mai gefen gilashi. Da aka zo kan abin sanyaya, mai shago ya ce masa, "Maigida, ka sa mai ruwa ka huta." Ya ƙara kuɗi ya saya. Abokinsa da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil ya zo suka haɗa ta tare. Aka kunna, fitilu masu launi suka kama, Windows ta hau lafiya. Sai da ya buɗe Premiere Pro ya sa aikin farko, fankoki suka ɗauki ruri, manhajar auna zafi ta nuna 100 da jan rubutu.

Abin da yawancin mutane suke yi a nan shi ne mafi tsada da ɓata lokaci. Sai su yanke hukunci cewa an sayar musu da jabu, su naɗe kaya su koma Kano, tafiyar sama da kilomita 60, a yi ta cacar baki da mai shago. Alhali kuwa kwamfutar tana faɗin inda ciwon yake ga wanda ya tsaya ya lura. Sirrin yana cikin saurin da zafin yake hawa. Zafin da ya kai ƙololuwa cikin daƙiƙoƙi dabam yake da wanda ya ɗauki minti biyu ko uku, shi ma dabam yake da wanda sai bayan rabin awa yake bayyana. Kowanne yana nuna wuri na musamman a hanyar da zafi yake bi daga firosesa zuwa iskar ɗaki. Wanda ya fahimci wannan, sukundireba da agogon wayarsa sun ishe shi gano yawancin matsalolin.

Abin da ruwan yake yi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin bakanike ya ga tsarin. Injin mota yana zafi, famfo yana zagaya ruwa ta jikinsa, ruwan ya kwashi zafin ya kai lagireto, fanka ta hura iska ta tsakanin saƙar lagireton, ruwan ya ɗan huce ya koma. Na kwamfuta ma haka yake, ƙanƙanta kawai aka yi. Akwai faranti na jan ƙarfe da ke kwance a kan murfin firosesa, cikinsa an tsattsaga shi siri-siri don ruwa ya ratsa. A samansa akwai ɗan famfo. Tiyo biyu suna haɗa shi da lagireto na alminiyam, wanda ake kiransa da tsawon fankokinsa: 240 mai fanka biyu, 360 mai fanka uku, kowacce milimita 120.

Dalilin zaɓar ruwa a fili yake. Lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da ya ninka na lita ɗaya ta iska fiye da sau 3,000. Dabarar kuma tsohuwa ce. Tun shekarun 1960 kamfanin IBM yake sanyaya manyan kwamfutocinsa da ruwa. A 1985 kwamfutar Cray-2 ta fito da allunanta tsundum a cikin wani ruwan sinadari mai suna Fluorinert, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Apple ya gwada a Power Mac G5 a 2004, wasu daga cikinsu daga baya suka yi yoyo. Abin da ya kawo ruwa teburin kowa shi ne nau'in da ake rufewa tun daga masana'anta, ba a ƙara masa ruwa ba a ragewa, irin Corsair H50 na 2009, wanda kamfanin Asetek na ƙasar Denmak ya ƙera. Kusan duk wanda ake gani a kasuwannin Kano a yau wannan nau'in ne.

Amma akwai abin da mai shago ba ya faɗa. Ruwan ba ya ƙirƙirar sanyi, ɗan dako ne kawai. Ya ɗauki zafi daga nan ya sauke a can, kuma can ɗin iskar ɗakinka ce. Lagireto ba zai taɓa sauke ruwa ƙasa da zafin iskar da ke ratsa shi ba. Masu gwajin kayan kwamfuta a Amurka da Jamus suna aikinsu ne a ɗakunan da ke kusan digiri 21 zuwa 23. Idan suka nuna firosesa tana aiki a digiri 78 a ɗaki mai 22, ma'anarsa ta ɗara ɗakin da 56. Kawo wannan kwamfutar, da kayanta iri ɗaya, shago mai digiri 40 a Kademi ko Toranke, lissafin ya zama 96. Babu abin da ya lalace. Wannan lissafi ya kamata ya riga komai zuwa a kan duk mai haɗa kwamfuta a Arewa.

Kafin a taɓa sukuru ko ɗaya, sai a tabbata ma akwai matsalar. Intel ya sa wa firosesocinsa na zubi na 12, 13 da 14 iyakar digiri 100. Idan suka kai nan sai su rage gudu da kansu, idan abin ya faskara su kashe kwamfutar don kada su ƙone. AMD kuwa, da ya fito da Ryzen 7000 a Satumban 2022, ya bayyana cewa an ƙera su ne su yi ta ƙara gudu har su kai 95 su zauna a nan, kuma hakan ba illa ba ne. Ryzen 7 7800X3D iyakarta 89. Saboda haka mai Ryzen 9 7950X da ya ga 95 yana tsakiyar aiki mai nauyi, kuma gudun bai faɗi ba, ya kwantar da hankalinsa. Manhajar HWiNFO kyauta ce, tana nuna zafi da gudu da yawan wutar da firosesa take ci a shafi ɗaya, tana kuma rubuta ko an rage gudu saboda zafi. Wannan layin na ƙarshe yana raba gardama a wurin da wuta take wasa. Kwamfutar da ta ɗauke ɗif alhali zafinta 70 ne, a duba inbata ko janareta ko fawa-fak, ba ruwan abin sanyaya. Haka kuma ƙarancin ƙarfin wutar gari ba ya rage gudun famfo, domin bolt 12 da yake sha daga fawa-fak take fitowa a daidaice.

Zafin daƙiƙoƙi

Idan da fara aiki zafin ya yi tsalle daga 45 zuwa 100 kafin a ƙirga biyar, da tsayar da aikin kuma ya faɗo nan take, sannan aka taɓa tiyo da lagireto aka ji su sanyi ƙalau, to zafin bai ma isa ga ruwan ba. Ya maƙale ne a tsakanin murfin firosesa da farantin jan ƙarfe.

Abu na farko da ake zargi shi ne leda. Sabon faranti yana zuwa da siririyar leda mai gani-har-hanji, ko murfin roba, don kada ya karce a hanya. A jikinta an rubuta gargaɗi da Turanci cewa a cire kafin a ɗaura. Amma mai ɗokin ganin kwamfutarsa ta tashi, yana aiki da fitilar waya bayan an ɗauke wuta, cikin sauƙi zai shafa mai, wato tamal-fes, a kanta ya ɗaure. Wannan kuskure ya sami ƙwararru ma a ko'ina a duniya, ba abin kunya ba ne. Ledar da ba ta kai kaurin takarda ba ta isa ta mai da na'urar dubban nairori ta zama kayan ado.

Na biyu shi ne turakun da ake ɗaure famfon a kansu. A cikin kwalin akwai 'yan jakunkuna, kowacce da sunan soket ɗinta, kuma a ido duk kama ɗaya suke. Lokacin da Intel ya koma soket LGA1700 a ƙarshen 2021, tazarar ramukan ta tashi daga milimita 75 zuwa 78, firosesar kuma ta ɗan yi ƙasa da ta da, da abin da bai wuce milimita ɗaya ba. Wasu madabod na ASUS sun zo da ramukan tsoho da na sabo gaba ɗaya, don haka tsofaffin turaku suna shiga lafiya, sukuru ya ɗauru tam, amma farantin yana shafar murfin ne kawai, bai danne shi ba. Wanda ya sayi abin sanyaya da ya daɗe a kanta, ko na hannu, ya duba ko akwai jakar da aka rubuta wa 1700. Idan babu, ita zai nema, ba sabuwar firosesa ba.

Hanyar tabbatarwa ita ce a cire a duba. A kashe, a zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa don ragowar cajin ya fita, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a sa hannu ciki, musamman da hunturu lokacin da jiki yake tara tartsatsi. A kwance sukuru huɗun kaɗan-kaɗan, a ɗan murɗa kan famfon hagu da dama kafin a ɗaga, domin a soket AM4 man yakan riƙe firosesa ya fizgo ta da ƙafafunta. Sai a juya farantin a kalli sawun man, wato tamal-fes. Idan ɗaurin ya yi kyau, za a ga ya baje siriri ko'ina, har hasken jan ƙarfen yana leƙowa a tsakiya, ragowar ta taru a gefe. Idan gefe ɗaya ya matse ƙwarai ɗayan kuma ya yi kauri da 'yan tsini-tsini, an ɗaure ɓangare guda har ƙarshe kafin a taɓa ɗayan. Idan kuwa ɗigon yana nan a dunƙule yadda aka ɗiga shi, farantin bai taɓa sauka ba.

A goge duka biyun da ƙyalle mai tsabta da sinadarin isopropyl, wanda masu gyaran waya a Farm Centre suka sani sarai. A ɗiga sabon mai gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya. A kan doguwar firosesar LGA1700 gajeren layi ya fi. Sannan a ɗaure a gicciye: juyi biyu a sama hagu, biyu a ƙasa dama, biyu a sama dama, biyu a ƙasa hagu, a yi ta zagayawa har kowanne ya tsaya da kansa. Aikin man shi ne cike 'yan ramukan da ido ba ya gani a tsakanin ƙarafan biyu. Jan ƙarfe ya fi shi iya wuce da zafi nesa ba kusa ba, don haka lafta shi da yawa ba ya maganin rashin matsi. Man goge baki da giris ɗin mota, waɗanda ake ji wasu suna gwadawa, bushewa suke yi ko su tsiyaye, ba su da wuri a nan.

Wannan aiki na hannu ne da ido da haƙuri, kuma ba baƙo ba ne a Gaya. Tarihin baka ya ce maƙeran garin, Abagayawa, su ne suka fara zama a gindin Dala saboda tamar da suka samu a wurin. Babu dalilin da zai sa ɗan garin ya ɗauki kwamfuta zuwa birni saboda sukuru huɗu.

Zafin mintoci

Akwai kuma kwamfutar da take tashi a digiri 40 da wani abu, ko ba a buɗe komai ba, ko a shafin BIOS ma, sai a ga lambar tana tafiya sannu a hankali: 55, 63, 72, 85, ba ta juyowa har ta mutu. A taɓa kan famfon a ji zafi rau, a bi tiyo da hannu a ji zafin ya ƙare bayan ɗan taƙi, lagireto kuwa sanyi. A nan zafin ya shiga ruwa, amma ruwan yana tsaye.

A sabuwar kwamfuta, galibi ba mutuwa famfon ya yi ba, wuta ce ba ta kai masa ba. Wasu famfunan suna shan wuta daga madabod, ta bakin da aka rubuta wa AIO_PUMP ko CPU_FAN. Wasu kuma, kamar na Corsair da NZXT da yawa, wutarsu daga wayar SATA take zuwa kai tsaye daga fawa-fak, siririyar wayar da ke zuwa madabod rahoton gudu kawai take kaiwa. Fitilun da ke kan famfon suna iya samun wuta ta wata waya dabam, don haka haskensu ba shaida ba ce. A shiga BIOS a duba gudun famfon. Yawancinsu suna juyawa sau 2,000 zuwa 3,000 a minti. Idan an ga sifili, ko an ga 'yan ɗaruruwa, a duba wayar, a kuma tabbata ba a bar madabod yana rage wa bakin wuta kamar fanka ce ba. A sa shi a cikakken gudu ya zauna. Wanda yake son ji da kunnensa ya tsayar da fankoki na ɗan lokaci, ya ɗora bakin sukundireba a kan famfon ya kanga mariƙin a kunne. Famfo mai aiki yana da siririn amo mai ɗorewa.

Idan amon ya zama ƙarar kurkure ko tsiyaya, iska ce ta shiga famfon. Kowane abin sanyaya na rufe yana da 'yar iska a cikinsa, kuma iska sama take nema. A 2020 Steve Burke na tashar Gamers Nexus ya yi bidiyon da ya yaɗu a kan wannan batu, inda ya nuna cewa kada famfo ya zama shi ne wuri mafi tsayi a zagayen ruwan. Lagireto a rufin akwati shi ne mafi aminci. Idan a gaba yake a tsaye, to samansa ya fi famfon tsayi, kuma an fi son bakin tiyo ya kasance a ƙasa. Lagireto a ƙasan akwati da famfo a samansa kuwa, hanya ce ta kashe famfon tun bai tsufa ba.

Ga mutanen Gaya da Ajingi akwai ƙari. Kwamfutar da aka haɗa a Kano, aka gwada ta lafiya, aka kwantar da ita a but ɗin motar haya, wataƙila a ƙarshe ma aka goya ta a babur zuwa ƙauye, ta sha girgiza ta kowace fuska. Iskar takan bar lagireto ta koma famfo, filogin da bai zauna sosai ba ya zame. Da an sauke ta, a buɗe gefe a danna kowace waya. Sai a kunna, famfo a cikakken gudu, a karkata akwatin a hankali gaba da baya, hagu da dama, yadda lagireto zai kasance a sama. Sau da yawa za a ji iskar ta wuce, zafin ya faɗo a kan idon mutum.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza, wani lokacin laifin daga masana'anta yake. A 2022 MSI ya amince cewa wasu MAG CoreLiquid 240R da 360R suna tara laka da ke toshe tsagin farantin, ya kuma buɗe hanyar musanya su. A shekarar ne Arctic ya sanar cewa robar da ke cikin wasu Liquid Freezer II tana lalacewa, ya raba kayan gyara kyauta. Irin waɗannan kaya ba sa ɓacewa daga duniya, wasunsu cikin kwantenar kayan Beljiyam suke ƙarewa. Ko lafiyayye ne ma, ruwansa yana raguwa kaɗan-kaɗan ta jikin tiyo shekara bayan shekara, zafi kuma yana ƙara saurin hakan. Alamar toshewa ita ce famfo yana juyawa daidai, amma tiyo ɗaya zafi ɗayan sanyi. A lafiyayyen zagaye bambancin tiyo biyun kaɗan ne, da ƙyar hannu yake rarrabewa. Idan sabo ne aka ga haka, a mayar da shi da rasidinsa. Kada a ɓalle shi a ɗura masa fiya-wata ko ruwan burtsatse. Jan ƙarfe da alminiyam a cikin ruwa ɗaya cin juna suke yi, sinadarin da aka haɗa a ruwan masana'anta ne yake hana su.

Zafin rabin awa

Nau'i na uku shi ya fi yawa a ƙasar nan, shi ne kuma ake yawan ɗora wa laifin da ba nasa ba. An fara aiki zafi yana 75, bayan minti goma ya kai 85, bayan rabin awa ya manne a iyaka. Tiyo biyun duka ɗumi, lagireto zafi. Faranti ya yi aikinsa, famfo ya yi nasa, ruwan ya kawo kaya ya rasa inda zai sauke.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi: a cire murfin gefe da na gaba, a sake aikin. Idan zafin ya sauka sosai, akwatin ne yake shaƙe kwamfutar. Akwatuna masu gaban gilashi suna da kyau a hoto, amma 'yan tsagin da aka bar musu a gefe ba sa isar fanka uku. Mai gaban raga ya fi dacewa da Gaya. Sai a duba inda kowace fanka take hurawa. Iska tana fita ne ta fuskar da ke da sandunan roba masu riƙe da injin fankar. A kunna turaren tsinke a kusantar da shi, hayaƙin zai nuna ko shiga ake yi ko fita. Ba abin mamaki ba ne a tarar an ɗaura duka fankokin suna fitarwa, ko na lagireto suna faɗa da na bayansu. Tsarin da ya dace shi ne iska ta shiga ta gaba da ƙasa, ta fita ta baya da sama, kuma masu shigarwa su ɗan rinjayi masu fitarwa don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa.

Ƙurar ma ba ta jiran kwamfuta ta tsufa. Hazon hunturu, wanda mafi yawansa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tasowa, gari ne lis, kuma saƙar lagireto matsattsiya ce. Wanda ya haɗa kwamfutarsa a Disamba ya ajiye ta a ƙasa kusa da ƙofar da ke kallon titi, kafin bazara ta shigo zai ga toka-tokan bargo a bayan fankoki. A ɗora ta a tebur, a wanke ragar tace ƙura akai-akai, a hure lagireto da bulowa daga ciki zuwa waje, ana riƙe da fankokin da yatsa don kada iskar ta juya su fiye da ƙima.

Sai ɗakin kansa. Duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa. Na'urar da ke cin wat 500 tana zuba zafin wat 500 a shagon, kuma idan ƙofa a rufe take saboda ƙura ko hayaniya, iskar da ta fito ta baya ita za ta zagayo ta sake shiga ta gaba. Silin a ƙarƙashin kwano, da ƙaramar fanka mai fitar da iska a saman bango, da matsar da akwatin daga lungu, suna iya yin abin da sauya 240 zuwa 360 ba zai yi ba. Fankar nan mai tankin ruwa tana aiki sosai a busasshiyar iskar Maris da Afrilu, amma ɗakin za ta sanyaya, kada a saita bakinta cikin akwati. Aiki mai nauyi kuma a bar shi sai bayan isha'i ko da asuba.

Akwai dabarar da ta fi duk waɗannan tasiri, kuma a BIOS take. Core i9-13900K, wadda ta fito a Oktoban 2022, an rubuta mata wat 125, amma idan ta buɗe wuta tana kai 253, duk daga 'yar ƙwayar da tsawonta kusan santimita 2 da rabi ne, faɗinta kusan 1. Masu ƙera madabod da yawa sun riƙa cire ma wannan iyakar tun daga kwali don kayansu su yi fice a gwaji. A 2024, bayan koke-koke sun yi yawa cewa firosesocin zubi na 13 da 14 suna rikicewa, Intel ya amince cewa ƙarfin wutar da suke nema ya wuce ƙima, ya fitar da gyara ta sabunta BIOS a Agusta da Satumba, ya ƙara shekara biyu a garantinsu. Duk mai ɗaya daga cikinsu ya sabunta BIOS, a lokacin da yake da tabbacin wuta ba za ta ɗauke ba, ya zaɓi Intel Default Settings. A bazara ya ƙara sauke iyakar wutar zuwa 180 ko 150. Mai AMD yana da Eco Mode, wanda ke mai da firosesar wat 170 zuwa 105. Gudun da ake rasawa kaɗan ne idan aka kwatanta da zafin da ake ragewa, domin wat ɗin ƙarshe-ƙarshe su ne mafi tsada da ƙarancin amfani. Ga mai aiki da sola da batir, riba biyu ce. Firosesar da aka rage wa wuta da gangan tana tafiya a daidaice, ta fi wadda aka sake ta tana bugun iyaka tana ja da baya.

Shin ya cancanta?

Ga mai shagon buga takardu, ko cibiyar koyon kwamfuta, ko ɗalibi mai AutoCAD, amsar a'a ce. Core i5-12400 da Ryzen 5 5600 wat 65 aka rubuta musu, kuma suna zuwa da fankarsu a kwali. Ko ga mai tace bidiyo, manyan na'urorin sanyaya na iska irin su Noctua NH-D15, DeepCool AK620 da Thermalright Peerless Assassin 120 suna riƙe yawancin firosesoci, musamman idan an daidaita wutarsu. Ba su da famfo, ba sa yoyo, abin da zai iya mutuwa a jikinsu fanka ce kawai, ita kuma ana samunta cikin sauƙi, ko ta tsaya ma tulin ƙarfen yana ci gaba da ɗan taimakawa. Mai ruwa yana da nasa fifikon: lagireto 360 ya fi ƙarfin zafin manyan i9 da Ryzen 9, kuma ba ya rataya nauyi a wuyan madabod idan ana yawan ɗaukar kwamfutar a mota. Amma ranar da famfonsa ya tsaya, aiki ya tsaya ke nan, kuma mayar da shi ga kamfanin da ke wata nahiya ba ƙaramin aiki ba ne ga mutumin Ajingi.

Wanda bai saya ba tukuna, kuma firosesarsa ba ta haura wat 200 ba, ya sayi na iska, ragowar kuɗin ya sa su a silin da akwati mai raga. Wanda ya riga ya sayi mai ruwa ya adana rasidi da kwali da duk jakunkunan turaku, ya rubuta zafin firosesa da na ɗaki a makon farko don ya sami abin kwatantawa nan gaba, ya kuma tanadi ƙaramin abin sanyaya na iska da bututun tamal-fes guda a durowa.